Su a Cocin Malam Barnaba

Sau goma sha ɗaya Tabita tana ɗaure kaya a cikin shekara goma sha tara da ta yi da auren Malam Barnaba mai bishara. Duk garin da suka sauka, da zarar ta gane rijiyar da ta fi daɗin ruwa da matar da ba ta tauye mudu, sai takarda ta zo daga Mishan a ce su tashi. A gari na bakwai ma kabarin ɗanta ta baro, ba ta kuma sake ganinsa ba. Saboda haka ranar da babbar mota ta sauke su a Haɗeja, cikin bazarar shekarar da aka bar fam aka koma naira, sai ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka buɗe kunnenka da kyau. Wannan ce ta ƙarshe. Daga nan ba inda zan ƙara ɗaga ƙafa."

Malam Barnaba ya ce, "In Ubangiji ya yarda, Uwar Afiniki."

Ta ce, "Ubangiji ya daɗe da yarda. Mutanen ofis ne ba su yarda ba."

Abin da aka turo shi yi a fili yake. Mishan tana da ɗakin shan magani a Garin Ari, wani ƙauye cikin fadama tsakanin Kirikasamma da Baturiya. Shi zai riƙa wanke gyambo da ba da ƙwayar zazzaɓi, in kuma akwai mai son jin wa'azi a cikin masu jiran layi, sai ya yi masa. Wata shida aka yi ana koya masa allura a jikin lemo. Amma da amalanke ta kai su Garin Ari, shi da Tabita da 'ya'yansu mata biyu, Afiniki da Rauta, sai suka tarar da sabon allo a ƙofar ɗakin, da wani saurayi mai farar riga zaune a kujerar. Ashe mako uku ke nan gwamnati ta karɓi ɗakunan shan magani na Mishan. Takardar da aka rubuto don a sanar da shi ta tafi garin da suka baro, wataƙila ma sun yi kiciɓis da ita a hanya ba su gaisa ba.

Takarda ta biyu ce ta same su. Ta ce tunda magani ya fita hannu, ya ɗauki siminti da kwanon da aka tara don faɗaɗa ɗakin ya gina majami'a. A farkon shekara mai zuwa Bature zai zo dubawa. In ya tarar da mutum goma sha biyu suna sujada, tashar Mishan ta zauna. In bai tarar ba, a rufe, su tashi.

To, Garin Ari kaf Musulmi ne, tun kaka da kakanni. Ba wanda ya harare su, ba kuma wanda ya nuna yana neman sabon addini. Wata gwauruwa mai sayar da bandar kifi, 'Yar'azumi, ita ta ba su ɗaki biyu a gidanta, ta kuma ɗauki Tabita ƙanwa tun ba a tambaye ta ba. Tabita ta yi lissafi da yatsu: ita, da Malam, da yara biyu. Saura takwas, kuma ba ta ga ta inda za su ɓullo ba.

Malam Barnaba ya je wurin Bulama Zarami, mai garin, neman fili. Bulama ya kai shi wani tudu kusa da kuka, wuri mai tsakuwa, ya ce ya ɗauka. Amma Malam mutumin kan dutse ne, daga can ƙasar Filato, inda mai son gona sai ya shekara biyu yana kwasar duwatsu kafin ya ga ƙasa. Tsakuwa ta ishe shi tun yana yaro. Da ya waiwaya ya hango wani kwari shimfiɗe a gabas da gari, ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, ko tsakuwa ɗaya babu, sai zuciyarsa ta tafi can.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan fa? Na wane ne?"

Bulama ya ce, "Da rani ba na kowa ba ne. Amma Malam, ruwa yana zuwa wurin."

Malam ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. Ya ce a garinsu ana yin ruwa kwana uku ba tsayawa, kuma ko ɗaki ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Abin duk dabara ce. Lambatu zai haƙa.

Bulama ya sake cewa ruwa yana zuwa. Ya kuma faɗa na uku. A Garin Ari kuwa in ka gaya wa baƙo magana sau uku ka fita haƙƙinsa, na huɗu ya zama rashin kunya. Sai Bulama ya ce, "To, Allah ya sa alheri."

Aka yi gini. Gaskiya gini ya yi kyau, bulo na siminti, rufin kwano, ƙofa ɗaya, tagogi can sama kusa da rufi don iska. Ya sa aka yi masa mumbari mai matakala biyar, irin wanda ya daɗe yana mafarki, don a duk yawon da ya yi bai taɓa wuce gindin bishiya da zauren aro ba. Da aka gama sai ya zagaye ginin da lambatu mai zurfin idon sawu. Mutanen gari suka riƙa zuwa da la'asar kallon lambatun nan. Su tsaya su dube shi, su dubi juna, su ce, "Sannu da aiki, Malam," su koma gida. Malam ya gaya wa Tabita cewa mutanen nan sun fara sha'awar majami'a.

Daminar bana ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shinkafar fadama ko tsiro ba ta yi ba a wurare da yawa. Malam yana tausayin mutane, amma a ransa yana ganin maganar Bulama ta faɗi. Sai wata safiya cikin watan Agusta, sama tas ba ko ɗigon gajimare, Afiniki ta shigo da gudu ta ce ruwa yana zuwa.

Tabita ta dubi sama ta ce, "Daga ina?"

"Ta ƙasa, Mama. Da ƙafa yake tahowa."

Haka kuwa abin yake. A ƙasarsu ruwa daga sama yake saukowa, ya gangara ya tafi abinsa. A nan kuwa ruwan da aka yi can wajen Kano makonni da suka wuce shi ne kogi yake ɗaukowa ya kawo, ya bi ƙasa a hankali cikin ciyawa ba hayaniya. A shekarar albarka yakan bazu ya rufe fadama duka. Bana da yake ɗan kaɗan ne, sai ya tattara kansa ya nufi wurin da ya fi ko'ina zurfi. Ya iso lambatun Malam ya wuce bai ma san an yi ba. Kafin kwana huɗu ya kai ƙirjin mutum a cikin coci, bencina suka tashi suna yawo.

Tabita ta zaci mijinta zai karaya. Ina! Ranar Lahadi ya sa kwat ɗinsa, ya ari kwalekwale, ya zuba iyalinsa a ciki. Da suka iso ƙofa duk suka kwanta rub da ciki don kada su bugi saman ƙofa, suka shige. Matakala huɗu sun nutse, ta biyar tana waje. Ya hau ya tsaya, su kuma suna zaune cikin kwalekwale, Rauta tana riƙe da jikin mumbari don kada ikilisiya ta bi ruwa. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka yi wa'azi. In ya kai wuri mai daɗi sai tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗa ruwa, fanjam. Haka suka yi wata huɗu, ba su tsallake Lahadi ko ɗaya ba. Tabita takan dawo da ciwon baya da haushi, amma ko sau ɗaya ba ta ce ba za ta ba.

Gari kuwa yunwa ta shigo. Tafkunan da aka saba kamun kifi duk ba su cika ba. Mata suka koma tonon bado, ana dafawa ana ci ba gishiri. 'Yar'azumi, wadda a da ƙamshin bandarta yake tashin maƙwabta, ta yi wata biyu ba ta hura wutar banda ba. Duk da haka in ta dafa badonta sai ta zuba a akushi ta miƙo wa Tabita ta ce a ba yara.

Da ruwa ya fara ja baya, sai ga Sarkin Ruwa Shu'ibu ya yi sallama a ƙofar gida. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Malam ya fita suka zauna a tabarma, Tabita kuma tana bayan zana tana tsintar wake, kunnenta a waje.

Sarkin Ruwa ya ce, "Malam, ka san abin da ke cikin ɗakin ibadarka?"

"Ruwa."

"Kifi. Duk kifin da ya shigo ƙasar nan bana yana ciki. Ga inuwa, ga zurfi, ga ba tsuntsun da zai ɗauke shi. Shekara arba'in ina harkar ruwa ban taɓa ganin tarko irin wannan ba. Da na san haka ake yi da tuni na gina nawa. Ka yarje mana mu toshe ƙofar da zana kafin ya bi ruwa ya fita, in lokaci ya yi a yi su, gari duka a shiga kamun kifi."

Malam ya ce ai ba sai an tambaye shi ba, su je su kama. Sarkin Ruwa ya girgiza kai. Ya ce ba haka ake yi ba. Kowane ruwa da mai shi, kuma wanda ya yi gini shi ne mai wannan. Ranar su jama'a za su shiga su tsaya tsit, homa da kwanduna a ƙarƙashin ruwa, ba mai motsi, ba mai magana. Sai mai ruwa ya tsaya a gabansu ya ce, "Na sake." Kafin nan wanda ya taɓa ko ɗan karfasa, ya ci haram, kuma ba zai ƙara shiga su a ƙasar nan ba.

Tabita ta ajiye faifai. Daga bayan zana ta ce, "Sarki, in yi tambaya? In mai ruwa yana da 'yar magana kafin ya sake fa?"

"Ko zai kai la'asar sai a jira shi, Uwargida. Ruwansa ne."

"An taɓa yi?"

"Kakana ya taɓa yin tari sau biyu kafin ya sake. Har yau ana zancen."

"Mutum nawa suke shiga?"

"Bana? Duk mai ƙafa."

Tabita ta ɗauki faifanta, amma waken nan ba ta san yadda ta gama tsince shi ba. Dama takarda ta riga ta zo cewa Mista Hadli, Baturen da ke duba tashoshi, zai iso ranar Lahadi ta biyu ga watan Janairu. Sarkin Ruwa ya tsayar da Alhamis kafin ita. Tabita ta aika 'Yar'azumi ta roƙe shi ya ɗaga zuwa Lahadi. Ya ce mutane suna jin yunwa, kwana uku ba wasa ba ne, amma tunda gidan mai ruwa ne suka nema, shi ke nan. Wasu suka je wurin Liman suka tambaya ko ya halatta su shiga ɗakin ibadar Kirista su tsaya yana magana. Liman ya ce shi dai a saninsa wurin da ruwa ya kai ƙugu kuma tarwaɗa take kwana a ciki tafki ne. Ya ce kowa ya riƙe addininsa da homarsa, kuma a ajiye masa kan kifi biyu.

Shi kuwa Malam, Tabita ta same shi ta ce, "Ranar Lahadi gari duka za su tsaya a gabanka, ba mai cewa uffan sai ka gama."

Ya ce, "Uwar Afiniki, ai kifi za su zo kamawa."

Ta ce, "Da kifi ya kawo su da ciwon ciki ya kawo su, da ɗakin maganin yana hannunka, mene ne bambancin? Kunne dai kunne ne."

Ya juya maganar nan a ransa, ya ga kamar tana da rami a wani wuri, amma bai so ya gano ramin ba. Yana da wani wa'azi mai kawuna bakwai da ya rubuta tun yana makarantar bishara, yana ajiye da shi don ranar da zai sami taro. Ya ciro shi daga ƙasan akwati, takardun har sun yi ja.

Ranar Lahadi da hantsi Mista Hadli ya iso. Dogo ne, jan wuya, da ɗan littafi da fensir a aljihun gaba. Hausarsa a littafin addini ya koye ta, saboda haka ko ruwan sha zai nema sai ka ji kamar annabci yake yi. Da ya hango coci tsaye a tsakiyar ruwa sai ya riƙe baki. Tabita ta yi wuf ta ce, "Maigida, ruwa ya shiga, amma jama'a ba su fasa zuwa ba." Ta gaya wa kanta cewa a cikin maganar nan ba kalmar ƙarya ko ɗaya.

Aka janye zanar ƙofa, aka tura kwalekwale ciki da Bature da yara, aka ɗaure shi kusa da mumbari. Sai jama'a suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowa hannunsa cikin ruwa. Maza suka cika gaba da tsakiya, samari suka bi jikin bango. Da yake an cire zana, tsofaffin mata ne suka tsaya a bakin ƙofa kafaɗa da kafaɗa don su tare hanya da ƙafafunsu. Tabita ta shiga cikinsu kusa da 'Yar'azumi, don daga nan take hango fuskar Bature. Ruwan ya kai mata ƙugu, sanyinsa kuwa har cikin haƙori.

Mista Hadli ya ciro fensir yana ƙirga kawuna, leɓensa yana motsi. Ya kai ɗari da arba'in da uku. Ya dubi yadda kowa ya sunkuyar da kai ya ƙura wa ruwa ido, ya ce da Afiniki a hankali, "Haƙiƙa, 'yata, ban taɓa ganin tawali'u irin wannan ba a dukan ƙasar." Afiniki ta cusa bakin ɗankwalinta a baki.

Malam Barnaba ya hau matakala ta biyar. Ya dubi taron nan. Ya buɗe takardunsa ya fara. Tabita ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana yi wa mutum uku da awaki wa'azi, yau ga ɗaki cike maƙil, ba mai tari, ba mai gyangyaɗi. Ta ji tausayinsa da sonsa sun cika mata ƙirji. Ta ce a ranta, shi ke nan, mun zauna.

Kai na ɗaya ya ɗauki kamar dahuwar shinkafa. Yana cikinsa ta ji wani abu ya goge ta a idon sawu ya wuce waje. Ta ce ciyawa ce. Sai wani ya bi, sai wani. Da aka shiga kai na biyu, wata tarwaɗa mai kaurin cinya ta ratsa tsakanin ƙafafunta, ta kaɗa wutsiya ta fice abinta. Kifi ya ji ƙafafun mutane sun cika masa gida, ya kuwa gano ƙofa a buɗe take. Ƙafafun tsofaffi ba zana ba ne.

Duk matan da ke ƙofar suna jin abin da take ji. Ba wadda ta motsa. Ta saci kallon 'Yar'azumi. Leɓenta ya yi fari, haƙoranta suna haɗuwa, kwandonta yana ƙarƙashin ruwa, kifi yana gogar kwandon yana wucewa, ita kuwa ta riƙe hannunta ƙam. Ta juyo ta dubi Tabita sau ɗaya. Da harara ce da da sauƙi. Sai ta ɗan gyaɗa mata kai, irin na kada ki damu, ƙanwata, bari ya gama.

Nan kunya ta kama Tabita, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Mutum ɗari da arba'in da uku, da yunwar wata biyar da ƙarin kwana ukun da ita ta ɗora musu, suna tsaye abincinsu yana fita ta tsakanin ƙafafunsu, don kawai ruwa yana da mai shi, kuma mai shi baƙonsu ne. Ta dubi Bature yana rubutu. Saura kawuna biyar. In ta yi shiru, ba ta ƙara ɗaure kaya har ta mutu.

Ta ɗaga murya ta ce, "Malam!"

Coci duka ya waiwayo. Tun da aka kafa Garin Ari ba a taɓa jin wanda ya yi magana kafin mai ruwa ba.

"Malam, ka sake! Kifin yana fita!"

Malam Barnaba ya tsaya da yatsa a sama. Ya dubi matarsa, ya dubi takardunsa, sannan ya dubi mutanen da ke gabansa, wannan karon da kyau. Ya ga haƙarƙarin Sarkin Ruwa ana iya ƙirgawa daga kan mumbari. Ya ninke takardun a hankali ya sa a aljihun kwat. Ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Na sake."

Abin da ya biyo baya, kwanon rufin ne kaɗai zai iya ba da labari. Homa ɗari suka fito daga ruwa lokaci guda. Ihu, kabbara, fantsama, bencina suna karo da juna. Wani ƙato ya bi giwan ruwa ta ƙarƙashin kwalekwale ya taso da shi a ka. Yara suka maƙale a mumbari, Mista Hadli kuwa ya tafi ƙasa da fensirinsa. Da ya taso akwai kurungu a cikin rigarsa, yana tsalle yana kiran sunan Ubangiji da Turanci, Hausar littafin duk ta gudu. Malam Barnaba da kansa ya tuɓe kwat ya tare wata gargaza da shi.

Da azahar aka fito. Sarkin Ruwa ya ce kashi ɗaya cikin uku ya tsere, amma abin da ya saura ya isa kowane gida ya hura wuta. Mista Hadli yana zaune a kan turmi a tsakar gidan 'Yar'azumi, an lulluɓe shi da zanen Tabita, ɗan littafinsa yana shanya a kan danga. Ya ce, "Barnaba, a cikin taron nan, nawa ne naka?"

Malam ya ce, "Huɗu, Maigida. Har da ni."

Tabita ta ce, "Ni na shirya abin. Shi ba ruwansa."

Malam ya ce, "Da ruwana. Na sani, na yi kamar ban sani ba."

Bature ya dube su, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari. Ya ci tarwaɗa biyu da yaji, ya yaba, ya ce a ransa yana ganin wa'azin da aka katse ya fi wanda aka fara. Amma da littafin ya bushe, huɗu ya rubuta. Shi ma mai tsoron Allah ne, abin haushin ke nan.

Bayan mako biyar takarda ta zo. An rufe tasha. Malam Barnaba zai koma wani gari can kudu ya riƙa sayar da littattafai a kantin Mishan. Tabita ta ji an karanta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "Ai ni na yi da bakina." Ta tashi ta fara tattara kaya.

A nan ne ta gamu da abin da ba ta taɓa gamuwa da shi ba. A duk garuruwan baya kafin rana ta take takan gama, don komai nata yana ɗakinta. A nan kuwa ta duba rariya babu, tana gidan Kulu. Dutsen guga yana gidan Ma'u, an ara tun bikin suna. Almakashi yana wurin Fanna matar Bulama. Ta bi gida gida. Kulu ta ce rariyar ai tana wurin Ma'u. Ma'u ta rantse ta ba Fanna. Fanna ta ce wace rariya? Kowace sai ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo hira, a tashi ba kaya. Kwana huɗu tana zagaye kafin ta haɗa rabin abin da ta zo da shi, shi ma sai da Bulama ya sa baki.

Saura babbar tukunyarta ta ƙarfe, wadda uwarta ta ba ta ranar aure. Tana wurin 'Yar'azumi, a gida ɗaya, taku goma daga ƙofar ɗakinta. Amma duk lokacin da ta je sai ta tarar da ita a kan wuta. Da safe dambu, da rana miya, da yamma wani abin.

Ranar tafiya amalanke ta tsaya a ƙofar gida, an ɗora kaya, yara sun hau, Malam yana ta musabaha da dattawa. Tabita ta shiga madafa. Tukunya tana kan murhu, 'Yar'azumi tana tsugune ta ba ta baya. Tabita ta ɗaga murfi ta leƙa.

"Yaya, ai ruwa ne zalla a ciki."

"Bai tafasa ba."

"Ga shi yana tafasa."

"To, bai gama ba."

"Yaya, amalanke tana jira."

'Yar'azumi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ba na sauke tukunya don wani yana sauri. In kina son abinki, kin san gidan. Ki dawo ki ɗauka."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, sai ta kama hura wutar da ba ta mutu ba. Daga waje Malam ya kira, "Uwar Afiniki, rana tana yi." Tabita ta tsaya da murfi a hannu, hawaye suna zuba, ba ta share ba. Ta mayar da murfin ta rufe. Sannan ta sunkuya ta jawo wani itace ta tura cikin murhun, ta fita.